Lokacin da Zaƙi Ya Guje wa Baba

Mu 'ya'yan ƙasar Makarfi ba a makaranta ake koya mana rake ba. Yaro tun bai iya ɗaura wando ba ya san yadda ake fere shi da haƙori, ya kuma san gindi ya fi kai zaƙi. Mahaifina sana'arsa yin mazarƙwaila ce, ita ya gada, da ita kuma ake biya mini kuɗin littattafai. Da kaka ta yi, sanyi ya fara sauka, sai ya shiga fadamu yana sayen rake a tsaye, tun daga wajen Gimi da Gubuchi har ƙasar Kudan. Ba shi da wani ma'auni sai harshensa. Zai karya sanda ɗaya a bakin gona, ya karya wata a tsakiya, ya tauna, ya yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa, sa'an nan ya faɗi kuɗin da zai biya. Da wuya a ji ya faɗi a ciniki. Abokan sana'arsa har tsokanarsa suke yi, wai harshensa ya fi sikeli.

To, abin da zan ba ku labari, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ya faru ne a hutun ƙarshen shekarar 2023, lokacin ina aji huɗu. Wani dare Inna ta yi tuwon masara da miyar kuka, na ɗauka na kai wa Baba zaure. Ya yi loma biyu, sai ya ture kwanon, ya ce in koma in tambayo ko gishiri ya ƙare a gidan ne. Na ɗanɗana miyar a hanya, ni dai na ji gishiri daidai, amma wane ni in faɗa? Inna ta barbaɗa ƙari, na mayar. Ya sake ci, ya ce har yanzu lami ce, kuma wani ƙarni-ƙarni take yi kamar an dafa ta da tsohon kwabo. Kashegari da safe ya ce koko ba sukari, alhali a gabana aka zuba cokali uku. Da rana Inna ta cika wa miya gishiri har mu yara muka kasa ci, shi kuwa ya ce da sauƙi-sauƙi.

Nan fa rai ya ɓaci. Shekara ashirin da ɗoriya Inna tana yi masa girki, ba a taɓa dawo mata da kwano ba. Na ji ta daga ɗaki tana cewa, “Malam, in wani abu na yi maka, ka faɗa mini, ka bar fakewa da miya.” Shi kuma ya ce ba ya son yawan magana, ya saɓa babbar rigarsa ya fita. An ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ni ban taɓa ganin irin wannan a gidanmu ba, kuma na tsorata ƙwarai.

A wannan rana ce muka hau babur ni da shi muka tafi wata fadama bayan Hunkuyi, inda wani manomi yake son sayar da rakensa. Rake ne ƙosasshe, gaɓoɓinsa dogaye. Baba ya karya ya tauna, ya tofar, ya sake karya wani, ya girgiza kai. Ya ce ruwa ne kawai, ba zai ba da mazarƙwaila ba. Mai gona ya rantse, Baba ya taya da kuɗin da ya san ba za a sallama ba, muka juyo. Ni kuwa guntun da na ɗauka ina sha a bayan babur, zaƙinsa har cikin kunne. Bayan kwana biyu wani ya saye gonar, kuma mun ji ya ci riba mai kyau. Wannan ita ce hasarar da ta fi yi wa Baba ciwo daga baya.

Rana ta uku da asuba gaskiya ta fito. Baba ya zauna yin alwala, ya ɗibi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya riƙa zubowa ta gefen hagu, ya kasa riƙe shi. Da gari ya waye muka ga bakinsa ya karkace ya koma dama, idonsa na hagu ba ya rufuwa, in ya yi ƙoƙarin rufewa sai ƙwayar ta juya sama a ga fari. Inna ta manta da fushi ta sa salati. Kafin hantsi gida ya cika. Goggo, yayar Baba, ta ce ba wani abu ba ne illa iska, ya ratsa fadama da almuru an mare shi, a nemo hayaƙi. Wani maƙwabci ya ce sanyin hunturu ne ya buge shi a kan babur. Kawu kuwa, ƙanen Inna, direba ne mai yawan zirga-zirga, ya ce shi ya ga yadda shanyewar ɓarin jiki take fara wa mutane, don haka ba zai bari a kwana ba a je asibiti ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka raba gardama, Baba ya sha rubutun da Liman ya aiko, sa'an nan muka shiga motar Kawu sai Zariya.

Likitan da ya duba shi bai yi gaggawa ba. Ya ce, “Baba, ɗaga hannuwanka duka biyu.” Ya ɗaga. Ya ce ya matse masa yatsu, ya matse. Ya sa shi ya yi tafiya, ya auna jininsa, ya leƙa kunnuwansa da 'yar fitila. Sa'an nan ya ce, “To, ɗaga girarka sama, kamar ka ji abin mamaki.” Goshin Baba ya tattare a dama, hagu kuwa sumul kamar an goge da dutsen guga. Ga mamakina sai na ga likita ya saki fuska. Ya ce galibi in shanyewar ɓarin jiki ce daga ƙwaƙwalwa, goshi yakan ci gaba da motsi, ƙasan fuska ne yake saki, sau da yawa har da hannu ko ƙafa. Amma in goshi da ido da baki suka saki tare, sauran jiki kuma lafiya, to jijiya guda ce ta kumbura, wadda take motsa fuska. Tana bi ta wata ƙunƙuntar hanya cikin ƙashin kunne, in ta kumbura ba ta da wurin sakewa, sai ta matse ta daina aiki. Sunan wani likita ɗan Sikotilan, Charles Bell, aka sa wa ciwon, domin shi ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Ya yaba wa Kawu, ya ce ba a gane bambancin a gida, kuma maganin rage kumburin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na farko. Ya rubuta ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido, ya ce a riƙa rufe idon da dare don kada ya bushe.

Muna shirin tashi sai ya tambaya, “Baba, abinci fa, kana jin daɗinsa kamar da?” Baba ya dubi ƙasa, ni na dubi Kawu. Can ya ce, “Likita, kwana uku ke nan komai lami.” Likita ya ce ai haka ne, wani lokaci ɗanɗano yakan riga fuska tafiya. Ya ƙara da cewa mutane da yawa ba sa lura, saboda ɗaya gefen harshen yana rufa asiri. Baba kuwa ya lura ne don ya daɗe da rasa haƙoran taunarsa na dama, da hagu yake ci, ga shi kuma mutum ne mai sauraron harshensa.

Wannan magana ita ta hana ni barci. Me ya haɗa fuska da gishirin miya? Kuma in harshen ya mutu ne, don me da aka ba shi shayi a tasha ya ce ya ƙona shi? Da muka dawo na zazzage littafin nazarin halittu da na zo da shi hutu, na kuma je na sami malaminmu na kimiyya, wanda gidansu yake Ikara, na yi masa tambayoyi har ya gaji da ni. Ga abin da na fahimta.

Da farko dai kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya biyu. Akwai jijiyar da jini yake gudu a cikinta, akwai kuma jijiyar da take kai saƙo, farar aba mai kama da zare, wadda ba jini a cikinta. Ta biyun nake nufi. Irin waɗannan guda 12 ne suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, dama da hagu, likitoci kuma sun ba su lamba. Wannan ɗan naman da muke kira harshe, har guda biyar daga cikinsu suke yi masa hidima. In aka raba harshe uku daga tsini zuwa maƙogwaro, kashi biyu na gaba suna da 'yan aike biyu dabam. Jijiya ta 7, wato wadda take motsa fuska, ita take ɗaukar labarin ɗanɗano. Jijiya ta 5 kuwa ita take ɗaukar labarin taɓawa da zafi da sanyi da ciwo, ita ce kuma mai kawo mana ciwon haƙori. Kashi ɗaya na baya yana hannun jijiya ta 9, ita kam ta haɗa aikin biyu. Can ƙasa wajen maƙogwaro ta 10 tana taimakawa kaɗan. Ta 12 ba ruwanta da jin komai, aikinta juya harshe, da ita muke magana muke kuma tura loma.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hanyar da ɗan reshen ɗanɗano na jijiya ta 7 yake bi. Maimakon ya miƙe daga harshe zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya ratsa ta cikin kunne, ya gitta ta bayan fatar nan mai kama da ta ganga, tsakanin 'yan ƙananan ƙasusuwan ji. Shi ya sa wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya yakan iya samun canjin ɗanɗano. A kusa da harshe kuma reshen nan yakan haɗu da reshen jijiya ta 5 su tafi tare kamar fasinjoji biyu a mota ɗaya, sai can gaba kowa ya kama hanyarsa. Don haka wanda aka yi wa allurar kashe zafi za a cire masa haƙorin ƙasa, rabin harshensa yakan yi nauyi, ya rasa taɓawa da ɗanɗano gaba ɗaya na 'yan sa'o'i, domin an tare motar ne kafin fasinjoji su rabu. Ciwon Baba kuwa ya sami fasinja ɗaya ne bayan sun rabu. Har ƙarar injin matse rake da ya riƙa cewa tana fasa masa kunnen hagu, ashe duk aikin jijiyar nan ce, domin ita take riƙe da wani ɗan mitsitsin nama da yake rage ƙarfin ƙara a cikin kunne.

An ce gani ya kori ji. Na roƙi Baba ya bar ni in gwada, ya ce shi ba abin wasan yara ba ne. Sai da Inna ta sa baki, ta ce, “Malam, bar shi mana, ni ma ina son in san ko miyata ce.” Na kawo kofi uku, ɗaya ruwan gishiri, ɗaya ruwan sukari, ɗaya ruwan lemun tsami, na naɗa auduga a kan tsinke. Na ce ya rufe ido, ya zaro harshe, kada ya mayar har sai ya nuna da yatsa abin da ya ji. Tun da idon hagu ba ya rufuwa, ƙanwata ta sa tafin hannu ta kare masa, tana ta ƙyalƙyala dariya. Na ɗiga ruwan sukari a gefen dama, nan take ya ɗaga kai. Ya kurkure baki, na ɗiga a gefen hagu, shiru. Na gwada gishiri, shiru. Lemun tsami ma da ƙyar ya ce kamar akwai wani abu. Amma duk sa'ad da audugar ta sauka yakan san ta sauka, ya kuma nuna daidai wurin. Na tsoma cokali a randa na ɗora masa a hagu, ya ce sanyi. Na tsoma a ruwan ɗumi, ya ce ɗumi. Daga ƙarshe na yi karambani na dangwalo dakakken barkonon Ikara na taɓa masa a wannan gefen da ya ƙi jin sukari. Kai! Sai ga Baba ya zabura yana neman buta, yana cewa, “Kai, ɗan nan, kashe ni za ka yi?” Inna ta yi dariya har da hawaye, rabonta da dariya kwana biyar.

To, a nan ne na gane cewa yaji ba ɗanɗano ba ne, ko da yake mu a Hausa mun jera shi tare da zaƙi da tsami da ɗaci. Yaji zafi ne. A bakin zaren jijiya ta 5 akwai wasu 'yan ƙofofi da suke buɗewa in abu ya kai zafin wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai inda ɗumi yake komawa ƙuna. Sinadarin da yake cikin barkono da attaruhu yana da mabuɗin wannan ƙofa, sai ya buɗe ta ba tare da wuta ba, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka baki ya kama da wuta, ta sa gumi ya karyo. Wani masani a Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano ƙofar a 1997, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian, wanda ya gano ƙofofin da suke jin taɓawa. Sinadarin nan ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, shi ya sa butar Baba ba ta yi masa amfani ba sai da aka kawo kindirmo. Tsuntsaye kuwa tasu ƙofar ba ta amsa wannan mabuɗi, don haka kaza take tsattsagar barkonon da aka shanya ko a jikinta. Akwai kuma ƙofar sanyi, wadda na'ana'a da alewar Tom Tom suke ruɗa, mutum ya ja iska ya ji kamar ya sha ruwan randa.

Baurin goro ma haka yake. Abin da yake cikin goro da ɗanyen mangwaro yana kama santsin miyau ne ya ɗaure shi, sai harshe ya ji ya bushe yana kartar dasashi. Wannan taɓawa ce. Baba bai fasa jin baurin goronsa ba ko kwana ɗaya, ɗacin ne ya ce sai ya kai can baya yake jinsa sosai, wato inda jijiya ta 9 take tsaro.

Ɗanɗano na ainihi da masana suka tabbatar guda biyar ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wani na biyar da wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya bayyana a 1908 ya sa masa suna umami. Kada sunan ya ruɗe ku, iyayenmu mata sun san shi tun kafin a haifi Ikeda, shi ne abin da daddawa take ƙara wa miya, shi ne a romon nama da nunannen tumatir, shi ne kuma ake sayarwa a ƙulle da sunan farin magi. Masu karɓar waɗannan biyar ɗin wasu 'yan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna zaune rukuni-rukuni cikin ƙurajen nan na bisa harshe, rukunan sun kai dubbai. Ba sa daɗewa, cikin kamar mako biyu sababbi sun maye gurbin tsofaffi, shi ya sa in kunu ya ƙona maka harshe, bayan 'yan kwanaki ka warke.

A nan dole in yi ƙarar wani zane da yawancinmu muka haddace don jarrabawa, wanda ya raba harshe kamar gonar gado, wai zaƙi a tsini, tsami a gefe, ɗaci a baya. Ba haka abin yake ba. Asalinsa binciken wani Bajamushe ne mai suna Hanig a 1901, wanda ya sami ɗan bambanci kaɗan tsakanin sassan harshe, sai na baya suka kambama shi. Duk inda 'yan ƙwayoyin nan suke, ana jin duka biyar. Wanda yake musu ya ɗora gishiri a tsinin harshensa yau da dare ya gani. Sauran daɗin abinci kuwa, irin ƙamshin da yake raba mazarƙwaila da farin sukari, wannan aikin hanci ne, kowa ya san yadda mura take mayar da dambu kamar dusa.

Na koma makaranta a watan Janairu na 2024 bakin Baba bai gama daidaita ba. A sauran kakar raken nan ƙanensa ne ya riƙa bin sa fadama yana tauna masa, shi kuma yana duban kauri da launi yana yanke kuɗi, abin da ya ce ya fi komai ƙona masa rai, wai ya zama makaho mai ɗan jagora. Likita ya riga ya gaya mana mafi yawan masu wannan ciwo sukan warke cikin makonni ko 'yan watanni, amma Baba bai sakankance ba. Ido ya fara rufuwa, sa'an nan gira ta fara motsi.

Da na zo hutun tsakiyar zango, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a zaure aka kawo masa sandar rake daga wata gona a Likoro. Ya fere, ya gatsa da hagu kamar yadda ya saba, ya yi shirun nan nasa. Sai na ga ya sake gatsa, ya lumshe idanu duka biyu. Ya ce da ni, “Tashi ka kira mai gonar nan, kada wani ya riga mu.” Ranar kasuwar Makarfi da ta biyo baya ya dawo da turmin atamfa a ƙunshe cikin takarda, ya miƙa mini ya ce in kai wa Inna. Na tambaye shi me zan ce mata. Ya ce, “Ka ce a rage gishiri.”